Kafin Bango Ya Faɗi: Tauraron Ɗan'adam da Motsin Ƙasa a Birnin Shehu

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare, na cikin birnin Sakkwato da na kewaye, daga Kware zuwa Wamakko, daga Dange zuwa Boɗinga, ga filinmu na faɗakarwa. Yau maganar gida za mu yi, wato ginin da muke kwana a cikinsa da kuma ƙasar da ke ɗauke da shi.

Babu daminar da za ta wuce ba mu ji labarin nan ba: katanga ta faɗa wa yara, ɗaki ya rufta da uwa da goyonta, rabin gida ya gangara cikin kwazazzabo cikin dare. Mu yi salati, mu kai gaisuwa, mu ce ruwa ne. Gaskiya ne ruwa na da nasa kaso. Amma sau da yawa daren da ginin ya faɗi ƙarshen labari ne kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta daɗe tana zamewa ko tana nitsewa kaɗan-kaɗan, wata da watanni, wani lokaci shekaru, ido bai gani ba. To yanzu akwai na'urar da ke iya auna wannan motsi daga sararin samaniya, daga nisan kusan kilomita 700, kuma tana bi ta kan Sakkwato a kai a kai.

Na san wani zai ce, mu da ba mu da manyan duwatsu, ina ruwanmu da zaftarewar ƙasa? Haka ne, ba mu da irin tsaunin da ya tsage a Firitawun, babban birnin Saliyo, da asubahin 14 ga Agustan 2017, inda mutum fiye da 1,000 suka rasu ko suka ɓace. Ba mu da irin gangaren Bafusam ta Kamaru, wanda ya rufta kan gidaje a Oktoban 2019 ya kashe mutum fiye da 40. Tamu zaftarewar ƙarama ce: gaɓar kwazazzabo da ruwa ya ƙwaƙule ta ƙasa, bakin gulbi da ke karyewa, tsohon ramin da aka cike da shara aka yi gini a kai, da laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Sai dai ku tuna, gaɓa mai tsawon mita 3 in ta zube da ɗakin da ke bisanta, ta isa ta ɗauke iyali guda.

Bari mu ɗan leƙa ƙarƙashin ƙafafunmu. A sassa da yawa na birnin nan, in ka yi haƙa za ka fara cin karo da jan ƙasa da marmara. In ka ƙara nitsawa sai farin dutse, irin wanda ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi. Ƙarƙashin wannan kuma akwai shimfiɗar laka mai santsi, wadda masana ilimin duwatsu suka laƙaba wa sunan garin Dange. Farin dutsen nan yana shan ruwa ta tsagoginsa, ita kuwa lakar ba ta bari ya wuce. Don haka ruwan yakan kwanta a tsakaninsu, ya bi gefe yana neman mafita, ya ɓullo a gindin tudu. Duk inda ruwa ke tsatsowa a gindin gangare, to wurin yana laushi, kuma abin da ke sama yana iya zamewa a kansa. Ga kuma yanayin ruwan samanmu. A shekara ba ya da yawa, matsakaicinsa tsakanin milimita 600 ne zuwa 700, amma kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake sauka, wani sa'in da ƙarfin gaske cikin awa guda, a kan ƙasar da ta yi wata takwas tana shan rana.

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809, tudu ya zaɓa, tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Magabata sun san inda ruwa ke bi, suka kuma bar masa hanyarsa. Mu ne muka yi yawa, gari ya tumbatsa, muka gangara cikin kwari da fadama da tsoffin hanyoyin ruwa. Mutanen Mabera ba sai an ba su labarin abin da ruwa ke yi in ya rasa mafita ba. Haka duk wanda ya ga Satumban 2010, lokacin da ambaliyar gulbin Rima ta cinye hanyar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har ya zama sai da kwalekwale ake tsallakawa, ya san ƙasar bakin gulbi ba ta da alƙawari.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne cike. Kun san yadda abin yake. Ramin da aka yi shekaru ana haƙar ƙasar gini a cikinsa ya zama kududdufi. Unguwa ta mayar da shi bola. Leda, toka, tsummoki, kashin dabbobi, komai a ciki. Bayan shekara goma ya cika, a kawo tifa uku ko huɗu ta jan ƙasa a baje a kai, a kafa duwatsun iyaka, shi ke nan ya zama fuloti. Mai saye ya zo da rani ya ga fili shar, ya ji kuɗin da sauƙi, ya biya. Birkila ya haƙa fandisho ƙafa biyu, ya ga baƙar ƙasa da leda na fitowa, ya ce, "Alhaji, wurin nan fa cike ne." Maigida ya ce, "A dai ƙara siminti." Siminti kuwa ba ya hana shara ruɓewa. Tana ruɓewa tana matsewa, ginin yana binta ƙasa, kuma ba daidai yake binta ba, gefen da cikon ya fi zurfi shi ya fi saurin nitsewa.

To yaya tauraron ɗan'adam ke gane wannan?

Akwai wani jerin taurari da ake kira Sentinel-1, na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai. An harba na farkonsu ranar 3 ga Afrilun 2014. Na biyu ya bi baya a 2016, ya samu matsala a ƙarshen 2021, aka harba wani a Disambar 2024. Ba kyamara suke ɗauke da ita ba, rada ce. Kyamara tana jiran hasken rana, ita kuwa rada da kanta take harba saƙon lantarki zuwa ƙasa, ta saurari dawowarsa. Shi ya sa dare bai hana ta aiki, hadarin Agusta bai rufe mata ido, hazon hunturu ma haka. Tauraron yakan ratsa ta kanmu ne wajen ƙarfe 6 na safe ko 6 na yamma, yana share faɗin kilomita 250 a tafiya guda, kuma kowane kwana 12 yakan dawo ta kan hanyar da ya bi. Kun ga a shekara wuri guda zai iya samun awo wajen 30.

Ku ɗauki misalin mai jan ruwa a rijiya wanda ya ƙulla alamu a jikin igiyar gugansa. Ba ya ganin ruwan da ke can ƙasa, amma in yau igiyar ta ci fiye da yadda ta ci makon jiya, ya san ruwa ya ja baya, har ma zai iya faɗa maka da kamu nawa. Saƙon rada ma gaɓa-gaɓa yake, kowace gaɓa tsawonta santimita 5.6. Tauraron yana lura da daidai inda gaɓar ƙarshe ta tsaya sa'ad da saƙon ya bugi rufin gidanka ya koma. Bayan kwana 12 ya sake aunawa daga wuri ɗaya. In rufin yana nan inda yake, awon zai zo daidai. In ya yi ƙasa, tafiyar saƙon ta ƙaru. Da yake zuwa da dawowa ne, nitsewar santimita 2.8 ta isa ta ƙara gaɓa guda cur, na'urar kuma tana iya gane ɗan ƙaramin yanki na gaɓar. Masana na kiran wannan dabara InSAR a taƙaice, ga ɗalibanmu da za su so su bincika.

Awo biyu kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba, domin tururin ruwan da ke cikin iska yana jinkirta saƙon, sai a zaci ƙasa ce ta motsa alhali iska ce ta canza. Maganin wannan wasu masana ne a birnin Milan na Italiya suka fito da shi wajen shekarar 2000. Suka ce a tara awo da yawa, na shekara biyu ko uku, a zaɓi abubuwan da ba sa sauya kama, kamar rufin kwano, kan gada, tankin ruwa, turken lantarki, dutse, a bi tarihin kowannensu. Ruɗin iska yau yana nan gobe yana can, sai ya wanke kansa cikin lissafi. Motsin ƙasa kuwa gefe guda yake bi. Da haka ake iya gane nitsewar milimita 1 ko 2 a shekara a wurin da awon ya yi kyau. Abin da ke fitowa a ƙarshe taswira ce cike da ɗige-ɗige masu launi: kore inda ƙasa ke zaune lafiya, rawaya inda ta fara motsi, ja inda take gudu.

Nan Allah Ya ba mu sa'a. Abin da ya fi wahalar da rada shi ne daji mai duhu, domin ganye kullum cikin motsi yake. Garinmu kuwa busasshe ne, itatuwa ba su rufe shi ba, ga rufin kwano ko'ina. Irin garin da wannan awo ya fi yi wa kyau ke nan. Sannan bayanan Sentinel-1 kyauta ne. Duk mai kwamfuta da intanet da ilimin abin zai iya sauko da su ba tare da ya biya ko kwabo ba, har da na shekarun baya da ke ajiye.

Amma jama'a, jan ɗigo a taswira ba ya nufin gida zai faɗi, kore kuma ba ya nufin an tsira. A nan ne maganar raunin gini ke shigowa, kuma ina roƙon magina da masu gidaje su ƙara kasa kunne.

In gida gaba ɗayansa ya nitse daidai wa daida, ko da santimita 5 ne, sau da yawa ba abin da zai same shi sai dai dakalin ƙofa ya yi ƙasa. Abin da ke karya gini shi ne bambanci, wato kusurwa ɗaya ta riga 'yar'uwarta sauka. Injiniyoyi sun daɗe da auna wannan. A ce tsawon gidanka mita 10 ne. In gefe ɗaya ya fi ɗayan sauka da santimita 2, kana bakin iyakar lafiya. In ya haura santimita 3, bango zai fara tsagewa. In ya kai wajen santimita 7, to ginshiƙai da linta da kansu sun shiga haɗari. Yanzu ku lissafa: in tauraro ya nuna bayan gidan yana sauka da milimita 5 a shekara fiye da gabansa, cikin shekara 6 ko 7 tsaga za ta bayyana. Wannan lokaci ne mai yawa. Ya isa a gyara magudana, a tokare gaɓa, a ƙarfafa fandisho, ko a sake shawara tun kafin a ɗora bene.

Sannan gini ba ɗaya ba ne. Motsin da gidan da aka ɗaure da rodi da kankare sama da ƙasa zai shanye, shi zai raba gidan bulo marar ginshiƙi gida biyu. Bulon da aka buga da buhu guda aka fitar da 60 ko 70 ba zai yi juriyar wanda aka ba siminti isasshe ba. Gida mai fandisho ƙafa biyu a kan cike daban, mai fandishon da ya sauka har kan marmara daban. Tauraro ba ya ganin rodi, ba ya ganin fandisho, bai san an ɗora bene a kan ginin da ba a shirya masa ba. Wannan sai an taka ƙafa an je.

Haka aka yi a kudancin Italiya, a garuruwan Lungro da Verbicaro na yankin Kalabriya, waɗanda ke zaune a kan gangaren da ke zamewa a hankali. Masana daga Jami'ar Salerno sun ɗauki awon rada, sannan suka bi gida-gida suna duba tsagogi, suna rubuta irin ginin da girman ɓarnar. Da suka haɗa biyun sai suka samu ma'auni: ginin dutse ko na jan bulo in ya sha bambancin nitsewa kaza, ga irin ɓarnar da ake sa ran gani, ginin kankare kuma ga tasa. Da irin wannan ma'auni hukuma za ta iya duban unguwa mai gida dubu ta ce ga guda hamsin da ya kamata a fara zuwa. A nan gida Najeriya ma an taɓa makamancin haka. A 2022 wasu masana biyu na jami'ar Virginia Tech ta Amurka, Leonard Ohenhen da Manoochehr Shirzaei, sun wallafa bincike kan Legas da bayanan Sentinel-1, suka nuna wasu sassan birnin na nitsewa da santimita da dama a shekara, suka kuma fitar da taswirar inda gine-gine suka fi shiga haɗarin rushewa. Ma'aunin Italiya ba zai yi mana aiki kai-tsaye ba, domin ba irin gininmu suke yi ba. Namu ma'aunin, na bulo da tubali da rufin azara, mu ne za mu zauna mu haɗa shi.

Yanzu malam maigida, ko ke uwargida da kika fi kowa sanin lungunan gidan, zo mu duba bango tare. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Akwai 'yan siraran tsagogin da ke bazuwa a kan filasta ta ko'ina, marasa zurfi. Wannan yawanci filastar ce ta bushe da sauri, ba ta taɓa bulo ba. Wadda nake so ki nema ita ce mai tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, tana bin layin bulo hawa-hawa, sama ta fi faɗi ƙasa ta tsuke, ko akasin haka. Ki leƙa ta waje: in tana nan a ɗaya gefen bangon ma, to ta ratsa. Ki tuna ƙofar ɗakin da a da take rufuwa da yatsa ɗaya, yanzu sai an sa kafaɗa. Ki duba daɓen tsakar ɗaki, ko ya rabu da gindin bango har tururuwa na fita ta wurin. Ki zuba ruwa kaɗan a ƙasa ki ga ko kullum kusurwa guda yake gudu.

Injiniyoyin Ingila sun tsara ma'aunin tsaga tun shekarun 1970, kuma har yau ana aiki da shi. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, wadda da ƙyar katin banki zai shiga, aikin fenti ce. Zuwa milimita 5, a cike ta a sa mata ido. Daga 5 zuwa 15, inda biro zai shige, an shiga matsakaiciyar ɓarna, a kira wanda ya san aiki. Daga 15 zuwa 25, inda yatsa ke shiga, wani sashe na bangon sai an sake shi. Abin da ya haura milimita 25 kuwa, kada a kwana a ɗakin. Amma abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne, tana ƙaruwa ko ta tsaya? Ga yadda za ki sani ba tare da kin kashe kuɗi ba. Ki sa fensir ki yi ɗigo ɗaya a kowane gefen tsagar, ki auna tsakaninsu da rular 'yan makaranta, ki rubuta awon da kwanan wata a jikin bangon. Ko a dama siminti kaɗan a manna shi a kan tsagar kamar faɗin tafin hannu. Duk Juma'a a duba. In simintin ya dare, ko ɗigon sun ƙara nisa, ginin yana tafiya.

Masu gida a bakin kwazazzabo kuma, ku zagaya baya. Na taɓa tsayawa a bayan wani gida a gefen gari bayan an ɗauke ruwa. Tsakanin katanga da bakin ramin bai fi taku huɗu ba. A ƙasa akwai wata doguwar tsaga da ta bi tsawon gaɓar, faɗinta ya kai a zura hannu, kuma ɓangaren da ke wajen ramin ya ɗan sauka ƙasa da sauran. Wani ɗan iccen dogon yaro da ke wurin ya karkata, saiwoyinsa a waje. Daga cikin gidan kuma bututun wanka yana zubo ruwa daidai cikin tsagar, safe da yamma. Duk wanda ya ga irin wannan a bayan gidansa, ya sani ƙasar ta riga ta yanke, lokaci kawai take jira. A kwashe yara daga ɗakin da ke wannan gefe a ranar, a kuma karkatar da ruwan.

Dole in faɗa muku inda ƙarfin tauraron ya ƙare, don kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Kowane ɗigo na awon Sentinel-1 yana wakiltar fili mai kimanin mita 5 a mita 20, don haka a cunkoson cikin gari yana iya haɗa gida biyu ko uku wuri guda. Ya fi gane motsin sama da ƙasa da na gabas da yamma, na kudu da arewa kuwa kusan ba ya jin sa. A gona, ko kan yashi, ko inda ake ta haƙa da gini, awon yakan watse. In motsi ya yi sauri ƙwarai lissafin yakan rikice. Gaɓar da ruwan dare ɗaya ya ƙwaƙule ta faɗi kafin asuba, tauraron da zai dawo bayan kwana 12 ba shi da abin da zai ce a kanta. Abin da ya fi damuna kuma shi ne gidan ƙasa, wanda ke kashe mana mutane da damina. Yawanci ba motsin ƙasa ke kayar da shi ba. Marka ce ke jiƙa gindin bango kwana da kwanaki, rufi ya sha ruwa ya yi nauyi, indararo ya toshe, sai ya zauna. Maganin wannan yana nan inda iyayenmu suka bar shi: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, da hana ruwa kwanciya a gindin bango.

To amma inda yake da amfani, amfaninsa babba ne, kuma akwai labarin da ke sa ni jin nauyin wannan magana. Da sanyin safiyar 24 ga Yunin 2017, dutse ya zaftaro ya binne ƙauyen Shinmo a lardin Sicuwan na ƙasar Sin. Mutum fiye da 80 suka rasu ko suka ɓace. Bayan abin ya faru, masana suka koma suka buɗe awon da Sentinel-1 ya riga ya ɗauka na wurin. Suka tarar saman dutsen ya daɗe yana motsi, kuma a makonnin ƙarshe motsin ya ƙara sauri a fili. Bayanin yana nan ajiye tun kafin mutanen su mutu. Wanda zai karanta shi a kan lokaci ne babu. Turai ta ɗauki irin wannan aiki da gaske: tun 2022 akwai taswirar motsin ƙasa ta ƙasashenta a intanet, wadda kowa zai iya buɗewa ya duba unguwarsu. A Yulin 2025 kuma Amurka da Indiya sun harba wani tauraron rada mai suna NISAR, wanda saƙonsa ya fi tsawon gaɓa, yana iya ratsa ganye da ciyawa.

Mu ma ba mu rasa waɗanda za su iya ba. Najeriya na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, tana da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos da cibiyar lura da motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci. Taurarin da ta harba don kallon ƙasa a 2003 da 2011 masu kyamara ne, amma hakan bai hana amfani da na rada da ake bayarwa kyauta ba. A nan gida muna da sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da injiniyoyi da safiyo a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Jiharmu ta shiga shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, yanzu kuma tana cikin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. A ganina, in aka ware ɗan abu kaɗan daga irin waɗannan kuɗaɗe aka ba malamai da ɗalibansu, za su iya fitar da taswirar motsin ƙasar birnin Sakkwato, su bi jajayen wuraren gida-gida tare da masu unguwanni, su riƙa sabunta ta duk shekara kafin ruwa ya sauka. Hukumar tsara birane ta duba ta kafin ta ba da izinin gini. Hukumar agajin gaggawa ta san inda za ta fara kai gargaɗi. A kuma manna ta inda mai sayen fuloti zai gani.

Sai dai ina da sharaɗi guda, kuma da gaske nake. Kada taswirar ta zama takardar rusau kawai. Wanda ya yi gini a bakin kwazazzabo ba son mutuwa yake ba, nan ne ƙarfinsa ya kai. In aka shafa wa gidansa jan fenti aka tafi ba tare da an nuna masa inda zai koma ba, gobe maƙwabcinsa zai cike tsagar bangonsa da dare ya shafe ta da fenti don kada a gani, kuma a nan ne za a yi asarar rai. Gargaɗi ya zo tare da mafita: fili a tudu, taimakon gyara, ko aikin tokare gaɓar da zai ceci unguwar baki ɗaya.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Mai shirin sayen fili, kada ka saya da rani ba ka tambaya ba. Nemi dattijon unguwa ka ce, "Baba, da can mene ne a wurin nan?" In ya ce kududdufi ne ko hanyar ruwa, ka san abin da kake saye. Birkila, in ka ga leda da toka a ramin fandisho, ka tsaya kan gaskiyarka, ka ce sai an kai ga ƙasa ta asali ko a kira injiniya. Masu ɗibar yashi da ƙasa, ku bar gindin gaɓar da gidaje ke kai. Matasan unguwa, ku yashe kwalbati da lambatu tun kafin ruwan farko, ku dasa jema da gamba a bakin kwari, saiwarsu tana riƙe ƙasa. A duba masai da ramin ruwan wanka, domin in suna yoyo a gindin bango, damina ce ta shekara gaba ɗaya. Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Mai saurare, in an tashi daga shirin nan, ka ɗauki fensir da rula ka zagaya gidanka ciki da waje. Tsagar da ka gani ka auna ta, ka rubuta kwanan wata, ka ɗauke ta hoto da waya. In ta ƙaru cikin mako biyu, ko yatsa na shiga cikinta, ka fitar da iyali daga ɗakin, ka sanar da mai unguwa, ka nemo injiniya ko gogaggen magini ya duba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)